An ce an soke tarar rashin inshorar lafiya a Amurka, me ya sa New Jersey take neman kuɗi a wurina?

Wani ɗan'uwa ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina tuƙa Uber. Na yi shekara shida a Bronx, sai a watan Maris na 2024 na koma Newark da maiɗakina da yaranmu biyu. Babu wanda yake da inshorar lafiya a cikinmu. Abin da ya rage mini a shekara bayan an cire kuɗin mai da na gyaran mota ya kai dala 60,000. Da na je cike takardun haraji, mai cikewar ya ce jihar New Jersey za ta ci ni tarar fiye da dala 1,700. Ni kuwa na san tun zamanin Trump na farko aka soke wannan tara, kuma ban taɓa biyan ta a New York ba. Cutata ake so a yi, ko yaya abin yake?"

Wa'alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, mai cike maka takardu bai cuce ka ba. Abin da ka ji game da soke tarar gaskiya ne, abin da ya faɗa maka shi ma gaskiya ne. Gwamnatin tarayya ce ta daina karɓar tarar, amma jihar da ka koma tana da tata dokar, kuma tana karɓa. Da ka tsallaka kogin Hudson daga New York zuwa New Jersey, ka fita daga jihar da ba ta da wannan tara ka shiga ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suke da ita. Na yi shekaru ina cike wa mutanenmu takardun haraji a wannan yanki, kuma kusan duk watan Maris da Afrilu sai na zauna da wani wanda ya zo da irin wannan mamaki a fuskarsa.

Asalin abin dokar lafiya ce ta shekarar 2010, wadda Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris, har mutane suka laƙaba mata suna Obamacare. Kafin dokar, kamfanin inshora yana iya ƙin karɓar mutum saboda yana da ciwon suga ko hawan jini, ko ya ɗora masa kuɗin da ba zai iya biya ba. Dokar ta hana wannan. To amma da zarar an tilasta wa kamfani ya karɓi marar lafiya a farashi ɗaya da mai lafiya, sai wata matsala ta ɓullo. Ka ɗauke shi kamar adashi. Idan aka ce kowa yana iya shiga a ranar da yake son ɗauka, ya fita bayan ya ɗauka, babu wanda zai yi zubi, kuma adashin ba zai kai wata biyu ba. Haka inshora take: idan masu lafiya suka zauna a gefe sai ciwo ya kama su, marasa lafiya kaɗai za su rage a ciki, farashi ya yi ta hawa har kowa ya gudu. Shi ya sa dokar ta ce kowa ya shiga, wanda bai shiga ba ya biya wani abu a lokacin haraji.

An fara karɓar tarar daga shekarar 2014, da dala 95 a kan kowane babba ko kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar da ya haura iyakar cike takardar haraji, duk wanda ya fi yawa. A 2015 ta koma dala 325 ko kashi 2. Daga 2016 ta tsaya a dala 695 a kan babba, rabin haka a kan yaro, ko kashi 2.5. Kafin ma a fara karɓa an kai maganar Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a watan Yuni na 2012, alƙalai biyar da huɗu, cewa majalisa tana da ikon sa ta domin haraji ce. Sai a watan Disamba na 2017 Trump ya sa hannu a dokar rage haraji, wadda ta mayar da tarar sifili daga 2019. Ka lura, ba a goge umarnin daga littafin doka ba, adadin kuɗin ne aka mayar babu. Shi ya sa tun daga takardun 2019 hukumar harajin tarayya, wato IRS, ba ta tambayar ka ko kana da inshora.

Wasu jihohi suka ga cewa idan tarar ta tafi, masu lafiya za su fice, farashi ya tashi wa waɗanda suka rage. Sai suka kafa tasu. New Jersey da birnin Washington suka fara daga 2019, Kalifoniya da Rhode Island daga 2020. Massachusetts kuwa ta riga kowa, tun dokarta ta 2006 a zamanin gwamna Mitt Romney, kuma daga wurinta ma aka kwaikwayi tsarin tarayya. Vermont ta rubuta wajibcin a doka amma ba ta sa tara ba. New York ba ta da ita, haka Maryland da Ohio da Texas da Georgia. Wannan ne dalilin da ya sa abokanka na Bronx suke rantsuwa cewa an soke, kuma a wurinsu ba su yi ƙarya ba.

Yanzu mu zo kan lissafinka, domin ina so ka gane inda 1,700 ɗin ta fito, kada ka biya abin da ba ka fahimta ba. New Jersey ta ɗauko tsohon lissafin tarayya kusan yadda yake. Ana yin lissafi biyu a ɗauki wanda ya fi girma. Na farko kuɗin kai ne: dala 695 a kanka, 695 a kan maiɗakinka, 347.50 a kan kowane yaro. Jimla dala 2,085, wanda kuma shi ne iyakar da kuɗin kai yake tsayawa komai yawan iyali. Na biyu kaso ne: a cire dala 20,000 daga kuɗin shigar ma'aurata masu cike takarda tare, a ɗauki kashi 2.5 na abin da ya rage. A wurinka 60,000 a cire 20,000 saura 40,000, kashi 2.5 ɗinsa dala 1,000. Tunda 2,085 ta fi 1,000, ita za a ɗauka. Amma tarar ta wata-wata ce, kuma jihar ba ta da iko a kan watannin da kake New York. A raba 2,085 gida goma sha biyu, kowane wata ya kama dala 173.75. Daga Maris zuwa Disamba wata goma ne, ya zama dala 1,737.50. Ka ga mutumin naka ya yi lissafi daidai. Ga iyali irin naka, sai kuɗin shiga ya wuce dala 103,400 kafin lissafin kaso ya rinjayi kuɗin kai, kuma shi ma yana da rufi: ba ya wuce matsakaicin farashin inshorar ajin Bronze, wato ajin mai arhar kuɗin wata, a jihar.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne yaran. Kusan dala 580 a cikin wannan tara saboda su ne, alhali tun ranar da kuka sauka Newark sun cancanci shiga NJ FamilyCare, wato shirin lafiya na jihar. Yaro ɗan ƙasa da shekara 19 yana shiga matuƙar kuɗin shigar gidan bai wuce kashi 355 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba. Ma'aunin a 2024 dala 31,200 ne ga gida mai mutum huɗu, don haka iyakar ta haura dala 110,000. Kai kana ƙasa da ita nesa ba kusa ba. Tun Janairun 2023 ma jihar ta buɗe shirin ga yara ko da ba su da takardun zama. Kuma ba shi da lokacin rajista, ko gobe ka nema za a karɓa. Ina roƙonka, ko da za ka yi watsi da duk sauran abin da na rubuta, wannan ka yi shi a cikin makon nan. Na ga iyaye da yawa suna riƙe yaro mai zazzaɓi a gida suna ba shi maganin kanti saboda tsoron kuɗin asibiti, alhali katin da zai kai shi wurin likita yana nan yana jiransa.

Kafin ka biya, a duba ko akwai uzurin da doka ta amince da shi, domin uzurorin suna da yawa kuma mutanenmu ba sa neman su. Wanda kuɗin shigarsa bai kai iyakar cike takardar harajin jihar ba, wato dala 10,000 ga mutum ɗaya ko 20,000 ga ma'aurata, babu tara a kansa. Haka wanda bai wuce kashi 138 na ma'aunin talauci ba, kimanin dala 43,000 ga mutum huɗu. Waɗannan biyun ba su kama ka ba. Akwai uzurin ɗan giɓi, idan rashin inshorar bai kai wata uku a jere ba, misali mutum ya bar wani aiki kafin ya kama wani. A wannan lissafi, ko kwana ɗaya ka yi da inshora a cikin wata, an ɗauka kana da ita a watan gaba ɗaya. Wata goma ya wuce wannan. Akwai uzurin tsada, idan inshora mafi arha da za ka iya samu, bayan an cire tallafi, ta cinye fiye da kusan kashi 8 na kuɗin shigarka.

Wanda na fi so ka yi tunani a kansa shi ne uzurin ƙunci. Idan a cikin shekarar mai gida ya ba ka takardar tashi, ko kamfanin wuta ko gas ya aiko takardar yankewa, ko gobara ko ambaliya ta yi maka ɓarna, ko bashin asibiti ya danne ka, ko an yi maka rasuwa ta kusa, ko ka ɗauki nauyin jinyar wani naka wanda ya ci maka kuɗin da ba ka tsara ba, duk waɗannan suna cikin abin da jihar take dubawa. Mu mutane ne masu ɓoye damuwa. Mutum zai yi rashin mahaifi, ya sayi tikitin gaggawa zuwa gida, ya yi wata biyu bai taɓa sitiyari ba, ya dawo ya ci bashi, amma da na tambaye shi ko shekarar ta zo da wata matsala sai ya ce alhamdulillahi. Godiya ga Allah tana nan a wurinta, amma ka faɗa wa mai cike maka takarda abin da ya faru. Ana neman uzurin ne a shafin intanet na hukumar harajin New Jersey, a ba ka lamba, a rubuta lambar a takardar NJ-HCC da take tafiya tare da NJ-1040, wato takardar harajin jihar. Ka ajiye shaidarka: takardar tashi, takardar yanke wuta, takardar shaidar rasuwa, rasit na asibiti.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini a ƙofar masallaci, gara in amsa ta tun ba ka yi ba. Wasu sun ji cewa akwai uzurin addini, kuma suna da shakku a kan inshora saboda maganar garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba. Uzurin yana nan, amma an ɗinka shi ne daidai jikin wasu ƙungiyoyi irin su Amish da wasu daga cikin Mennonite: sai ƙungiyar ta kasance tun kafin ƙarshen 1950, kuma mabiyanta sun ƙi karɓar kowace irin inshora har da fanshon gwamnati na Social Security, suna ɗaukar nauyin junansu da kansu. Musulmin da ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba, wannan kaɗai ba ya shigar da shi. Hukuncin shari'a fagen malamai ne, ka zauna da malamin da ka yarda da shi, ka bayyana masa cewa doka ce ta wajabta, ka kuma gaya masa yadda kuɗin asibiti yake a ƙasar nan, domin fatawa tana tafiya da sanin halin da ake ciki.

Idan babu uzurin da ya kama ka, akwai wata ƙofa da jihar ta buɗe a 'yan shekarun nan. Tare da takardar haraji ana iya cike fom mai suna NJ-EZ Enroll. Da shi kake ba da izini a miƙa bayananka ga Get Covered New Jersey, kasuwar inshora ta jihar, su duba abin da ka cancanta, su buɗe maka damar rajista ko da lokacinta ya wuce. Wanda ya bi ta nan ya shiga inshora kuma ya riƙe ta har ƙarshen shekara, ana yafe masa tarar shekarar da ta gabata. Wanda ya shiga ya fice a tsakiya, tarar tana dawowa kansa. A ganina wannan ita ce hanyarka. Ka tambayi mai cike maka takarda a kan wannan fom da sunansa kafin ya aika komai.

Kada ka yarda wani ya ce maka kawai a cike cewa kana da inshora, wa zai sani. Kamfanonin inshora da masu ɗaukar ma'aikata suna aika wa jihar bayanan duk wanda suka rufe, ta takardun 1095. Idan sunanka bai fito ba, wasiƙa za ta zo. Tarar kuma tana shiga cikin harajin jiha ne: a cire ta daga rarar da za a mayar maka, abin da ya rage ya zama bashi mai hawa. Ga wanda yake da niyyar neman zama ɗan ƙasa, fom ɗin N-400 yana tambaya ƙarara ko akwai harajin tarayya ko na jiha da ake bin ka. Dala 1,700 ba ta kai a ɓata takarda saboda ita ba.

Sai maganar abin da za ka saya, domin a nan ma ana yi wa mutanenmu sakiyar da ba ruwa. Ba kowace takarda mai sunan inshora ce take kare ka daga tara ba. Inshorar wurin aiki, da Medicare ta tsofaffi, da Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi ko NJ FamilyCare, da wadda aka saya a kasuwar jiha, duk suna karewa. Inshorar haƙori ko ta ido kaɗai ba ta karewa. Haka inshorar tafiya da ake saya wa baƙo, da katin rangwamen magani, da irin wadda take biyan ƙayyadadden kuɗi a kowane kwanan asibiti. Wani direba ya taɓa zuwa wurina da kati mai kyau, ya shekara yana biyan wani dillali da ya kira shi a waya. Da muka karanta takardun sai muka tarar katin rangwame ne kawai. Ya yi asarar kuɗin shekara, ya kuma biya tara a kai. Har yau idan na tuna yadda ya yi shiru yana juya katin a hannunsa sai raina ya ɓaci. Charity Care da asibitocin New Jersey suke yi wa masu ƙaramin ƙarfi taimako ne na gaske, amma ita ma ba inshora ba ce a idon dokar haraji.

Da kuɗin shiga na dala 60,000 da mutum huɗu, kana kusan kashi 192 na ma'aunin talauci. Wannan lamba tana da amfani sosai. Tana ba ka tallafin tarayya da yake rage kuɗin wata, da ƙarin tallafin jihar New Jersey a kansa. Sannan duk wanda yake ƙasa da kashi 250, musamman ƙasa da 200, idan ya zaɓi ajin Silver, wanda yake sama da Bronze, ana rage masa kuɗin da yake fara biya daga aljihunsa kafin inshora ta karɓa, da kuɗin ganin likita. Wannan ragin a Silver kaɗai yake. Mutane da yawa suna ganin Bronze ta fi arha a wata sai su ɗauke ta, ranar da suka kwanta asibiti su tarar dubban daloli na farko a kansu suke. Idan yara suka shiga NJ FamilyCare, kai da maiɗakinka kawai za ku saya wa. Lokacin rajista na kowa a jihar yana buɗewa 1 ga Nuwamba; na inshorar 2025 ya rufe ne 31 ga Janairun 2025. Bayan shi sai da dalili, kamar haihuwa ko aure ko rasa inshorar wurin aiki, kuma kwana 60 ake bayarwa.

Tunda sana'arka ta kanka ce, ga wani abu da za ka kiyaye. Tallafin ana ba da shi ne bisa ƙiyasin da ka yi na kuɗin shigar shekara. Bayan shekara ta ƙare za a aiko maka takardar 1095-A, a cike fom 8962, a gwada ƙiyasin da abin da ka samu a zahiri. Idan ka ce 45,000 ka samu 60,000, za a nemi ka mayar da wani ɓangare na tallafin. Mutane suna kiran wannan tara, amma ba tara ba ce, rarar da aka ba ka ce ake karɓa. Maganinta shi ne ka faɗi gaskiya tun farko, kuma idan kasuwa ta buɗe a tsakiyar shekara ka shiga shafinsu ka gyara lambar. Ka kuma riƙa rubuta mil ɗin da kake yi kullum. A 2024 IRS tana cire senti 67 a kan kowane mil na aiki, kuma abin da ya rage bayan an cire shi ne ake auna tallafinka da shi. Direban da ba ya rubuta mil yana biyan haraji fiye da kima, tallafinsa kuma ya ragu.

Na san abin da wasu suke lissafawa: tara dala 2,085 a shekara, inshora wataƙila ta fi haka, gara a biya tara a huta. Ban yarda da wannan lissafi ba, musamman ga mutumin da yake wuni a kan titi. Dokar 1986 ta tilasta wa asibiti ya duba duk wanda ya zo sashen gaggawa ko ba shi da ko sisi, amma ba ta hana asibitin aiko da takardar kuɗi daga baya ba, kuma ba ta shafi maganin hawan jini na kowane wata ko awon ciki ba. Kuɗin tara ba ya saya maka ko ƙwayar magani ɗaya. Wanda ya biya shi ya fita hannu rabbana, ciwo kuma idan ya zo ba ya tambayar ko an biya.

Don haka kada a aika takardar tukuna, kana da lokaci har 15 ga Afrilu. Ka fara da neman NJ FamilyCare wa yaran. Ka zauna da maiɗakinka ku tuna abin da ya same ku a 2024, ko akwai takardar tashi, ko yanke wuta, ko rasuwa, ko jinya, ku tattaro shaidar. Ka ɗauki takardar hayar gidan Newark domin ta nuna ranar da kuka koma, kada a lissafa maka watan da ba ka jihar. Sannan ka koma wurin mai cike maka takarda ka ce a duba uzurin ƙunci da na tsada, in babu a haɗa da NJ-EZ Enroll. Allah Ya ba da sa'a, Ya raya yaran, a gaida iyali.